Rabuwar aure ba sai an tona asirin juna ba

A ranar 25 ga Yuli, 2018, alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka yanke wani hukunci da su kansu suka nuna bai kwanta musu a rai ba. Wata dattijuwa 'yar shekara 68 mai suna Tini Owens ce ta nemi a raba aurenta da mijinta Hugh Owens, ɗan shekara 80. Tun 1978 aka ɗaura musu aure, 'ya'yansu biyu duk sun girma. A watan Fabrairun 2015 ta kwashe kayanta ta bar masa gida, bayan wata uku ta shigar da ƙara. Shi kuwa ya kafe cewa ba zai rabu da ita ba, yana sa ran su ƙarasa sauran kwanakinsu tare. Kotu uku ta bi, kowacce ta ce mata a'a. Alƙalin farko ya yarda cewa auren ya mutu, amma ya ce laifuffukan da ta lissafa ba su kai a raba ba. Saboda haka doka ta ci gaba da kiranta matar Hugh har zuwa Fabrairun 2020, lokacin da za su cika shekara biyar ba sa gida ɗaya.

Dokar Ingila da Wales ta wancan lokaci, wato ta 1973 wadda ta gaji ta 1969, ta ce dalili ɗaya ne ke raba aure: ya lalace lalacewar da ba ta gyaruwa. Sai dai ba a karɓar wannan magana da fatar baki. Dole mai ƙara ya tabbatar da ɗaya cikin abu biyar: zina, ko mugun halin da ba za a sa ran mutum ya jure ba, ko a gudu a bar shi shekara biyu, ko zama a rabe shekara biyu idan ɗayan ya amince, ko shekara biyar idan bai amince ba. Wanda ba zai iya wannan dogon jira ba, kuma talaka nawa ne zai iya riƙe gida biyu tsawon shekaru, hanya ɗaya ta rage masa: ya zauna ya rubuta aibin abokin zamansa.

Matar ta rubuta. Misalai 27 ta kawo, daga yadda yake ɗaga mata murya a bainar jama'a, har a filin jirgin sama, zuwa yadda yake kushe ta a gaban baƙi, da yadda za su fita cin abinci ya yi mata gum kamar ba ta wurin. Alƙali ya ce waɗannan 'yan saɓani ne da ba a rasa su a zaman aure. Da a ce mari ta kawo ƙara a kai, ko sau ɗaya ne, da maganar ta zo da sauƙi. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai tun da na karanta labarin: doka tana jin kukan wadda aka fasa wa baki, amma ba ta da kunnen jin wadda zama ya ƙona mata zuciya sannu a hankali. Shugabar kotun ƙolin a lokacin, Lady Hale, ta ce shari'ar ta dame ta ƙwarai, sai dai canza doka aikin majalisa ne, ba na alƙalai ba.

Majalisar ta ji. Aka yi sabuwar doka a 2020, ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2022. Yanzu miji ko mata, ko su biyun tare a takarda ɗaya, suna iya sanar da kotu cewa aurensu ya lalace, kuma wannan sanarwar ta wadatar. Ba a tambayar wa ya yi me. Ɗayan ba zai iya ƙalubalanta ba sai ta fuskoki 'yan kaɗan, kamar ya ce kotun ba ta da hurumi ko kuma auren tun asali bai inganta ba. Amma ba yau a nema gobe a samu ba ne. Sai aure ya shekara kafin a nemi raba shi. Bayan an shigar da takarda ana jiran mako 20 kafin hukuncin farko, sannan mako 6 kafin na ƙarshe. Wata shida ke nan a taƙaice, don wanda zai sake tunani ya sake, a kuma tsara maganar 'ya'ya da dukiya.

Ni ina ganin sun yi daidai, kuma tarihinsu ne babban dalilina. Duk inda doka ta ce sai da laifi, mutane ƙirƙirar laifin suke yi. Kafin 1857, wanda ke son raba aure a Ingila har ya ƙara yin wani auren sai majalisa ta yi masa doka tasa shi kaɗai, abin da sai masu hannu da shuni. Daga 1857 miji na iya rabuwa da mata saboda zina kawai, ita kuwa sai ta haɗa zinarsa da wani babban laifin, kuma sai 1923 aka daidaita su. Me ya biyo baya? Ma'auratan da suka gaji da juna sai su shirya wasan kwaikwayo. Miji ya tafi wani otal a garin Brighton da ke bakin teku, ya biya wata mace ta zauna da shi a ɗaki, da safe mai kawo karin kumallo ta gan su tare, daga baya a kira ta kotu ta ba da shaida. Lauya ya san shiri ne, alƙali ma ya sani. A jihar New York ta Amurka, inda har 1966 zina ce kaɗai ke raba aure, haka aka riƙa ɗaukar hotunan bogi. Masu kuɗi kuma su tafi birnin Reno a jihar Nevada, inda tun 1931 zaman mako shida ya isa a ɗauke ka ɗan jiha a raba maka aure.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. Wani bincike da Farfesa Liz Trinder ta jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya nuna kusan kashi 60 cikin ɗari na auren da ake rabawa a Ingila da Wales a lokacin da hujjar zina ko mugun hali ake raba su. A Scotland, maƙwabciyarsu da ke ƙasa ɗaya da su, inda jiran ya fi gajarta, kashi 6 ne kacal. Ba wanda zai ce mutanen Landan sun ninka na Edinburgh mugunta sau goma. Dokar ce ke tura su neman abin faɗa. Mutum biyu da suka yarda su rabu lafiya sai lauya ya ce musu dole ɗaya ya shafa wa ɗaya kashin kaji a rubuce. Wanda aka rubuta a kansa ya karanta, ransa ya ɓaci, ya ce shi ma yana da nasa da zai faɗa. Waɗannan mutane biyun ne kuma ake so gobe su zauna su shirya wa zai kai yara makaranta, wa zai riƙe su lokacin hutu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Alƙalin da ya saurari mutane na yini ɗaya ba zai iya auna zaman shekara arba'in ba, kuma a yawancin aure da ya mutu ba a samun mai laifi ɗaya tsantsa da mai gaskiya tsantsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da kotu za ta iya yi, kuma ta yi shi da kyau, shi ne ta ƙididdige dukiya, ta yanka kuɗin ciyar da yara, ta tilasta a biya. Sa mutum ya so wanda ya daina so ya fi ƙarfinta. Hukuncin 2018 bai mayar da Misis Owens ɗakinta ba ko na dare ɗaya. Sunan aure kawai ya tsare.

Masu adawa da irin wannan doka suna da maganganu, kuma ba duka ne na yarwa ba. Ta farko ita ce idan ƙofar fita ta faɗaɗa, kowa zai fita. An gwada wannan a Amurka fiye da shekara hamsin. Kalifoniya ce ta fara, lokacin da gwamnanta Ronald Reagan ya sa hannu a dokar a 1969, sauran jihohi suka bi, New York ta zama ta ƙarshe a 2010. Masanin tattalin arziki Justin Wolfers ya bi alƙaluman ya ga cewa mutuwar aure ta yi tsalle a shekarun farko bayan sauya doka, amma cikin kamar shekara goma tashin ya lafa. Wato auren da suka daɗe da mutuwa ne aka yi wa jana'iza a lokaci ɗaya. A Ingila da Wales ma, auren da aka raba a 2022 kusan 80,000 ne, bayan ya haura 113,000 a 2021. Ba zan ɗora hujja mai nauyi a kan wannan ragin ba, don sabon wa'adin jira ya jinkirta wasu shari'o'in zuwa shekara ta gaba. Amma ambaliyar da aka yi ta tsoratarwa da ita ba ta zo ba.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ita ke hana ni yin murna da dokar gaba ɗaya. A ɗauki macen da ta bar aikinta ta yi shekara ashirin tana renon 'ya'ya, ba ta yi laifin komai ba, rana ɗaya miji ya hango wata ya ce ya gaji. A tsohuwar doka tana da abin ciniki a hannunta: ba zan amince ba sai ka bar mini gida, sai ka yanka mini abin da zan rayu da shi. Sabuwar doka ta karɓe wannan sandar. A Amurka an ga abin da haka ke jawowa. Wani lissafi da masani Richard Peterson ya sake yi a 1996 a kan ma'auratan Los Angeles ya nuna cewa a shekarar farko bayan rabuwa, halin rayuwar mata ya faɗi da kusan kashi 27 cikin ɗari, na maza kuwa ya ƙaru da kashi 10. Wani masanin, Jonathan Gruber, ya samu cewa yaran da suka tashi a jihohin da mutum ɗaya ke iya raba aure sun ɗan gaza takwarorinsu a ilimi da samu bayan sun girma. Duk mai goyon bayan dokar, irina, dole ya kalli waɗannan ba tare da kawar da kai ba.

Sai dai maganin da wasu ke kawowa, na a koma gidan jiya, bai gamsar da ni ba. A 'yan shekarun nan jam'iyyar Republican a jihohi irin su Texas da Nebraska ta sa soke wannan doka a cikin manufofinta. Tun 1997 jihar Louisiana ta ƙirƙiro wani aure na musamman mai wuyar rabuwa da ma'aurata ke zaɓa da kansu, Arizona da Arkansas suka bi, amma 'yan ƙalilan ne suka taɓa zaɓarsa. Ga kuma abin da Betsey Stevenson da Wolfers suka gano a bincikensu na 2006: a jihohin da suka ba mutum ɗaya damar fita, matan da ke kashe kansu sun ragu da kashi 8 zuwa 16 cikin ɗari, duka tsakanin ma'aurata kuma ya ragu da kusan kashi 30. Ragin bai tsaya ga waɗanda suka rabu ba. Mijin da ya san matarsa na iya tafiya yakan ji nauyin ɗaga hannu. Wadda ake duka a ɗaki cikin dare ba ta da shaida sai bango, kuma dokar da ke cewa sai ta kawo hujja ita ta fi cutarwa.

Saboda haka inda ya kamata a tsananta shi ne abin da mai fita zai bari a baya. A nan dokar Ingila ta yi rabin aiki. Ta gyara hanyar rabuwa, ta bar rabon dukiya a kan tsohuwar dokar 1973, wadda ta ba alƙali faɗin iko har ma'aurata ba sa iya sanin abin da za su samu sai sun kashe kuɗi wajen lauyoyi. Mako 20 ɗin kuma daga ranar da kotu ta buɗe fayil ake fara ƙirga shi, ba daga ranar da takarda ta isa hannun ɗayan ba, don haka wanda aka yi wa ba-zata yana iya samun lokacin da bai kai haka ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Turawa. Akwai ruwanmu, ta fuska biyu. Ta farko, duk wanda ya yi auren rajista a Najeriya, kuma akwai dubban masu jin Hausa a Kaduna da Jos da Zariya da Yola da suka yi shi, dokar 1970 ce ke kansa. An gina ta ne a kan dokar Ostireliya ta 1959 da ta Ingila ta 1969. Ita ma ta ce aure na rabuwa idan ya lalace ba gyara, sannan ta jera abubuwa takwas da dole a tabbatar da ɗaya a gaban babbar kotun jiha: zina, mugun hali, gudu na shekara ɗaya, zama a rabe shekara biyu idan ɗayan bai ja ba, shekara uku idan ya ja, da sauransu. Ostireliya ta yar da tata tun 1975, ta ce zama a rabe wata 12 ya isa. Ingila ta yar da tata a 2022. Mu da muka ara muna nan riƙe da ita fiye da shekara hamsin.

Ta biyu ta fi kusa da gida. A wajen Musulmi, namiji bai taɓa buƙatar kawo laifi ba kafin ya saki matarsa. Kalma ce, ko 'yar takarda da za a aiko yaro da ita, yanzu ma har ta waya. Ba wanda ke tsare shi ya ce kawo shaidu biyu cewa miyarta ba gishiri. Don haka duk lokacin da na ji wani namu yana cewa raba aure ba tare da ɗora laifi ba baƙon abu ne da zai rusa gidaje, nakan so in tambaye shi wane ɓangare yake nufi. Ɓangaren maza a buɗe yake tun fil azal. Na mata ne muka cika da ƙaya, kuma ba addini ne ya zuba yawancin ƙayar ba.

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu da ke cikin Bukhari. Ta zo wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce ba ta zargin mijinta a halinsa ko addininsa, amma tana tsoron abin da zaman zai jefa ta a ciki. Ba a ce ta kawo shaida ba, ba a ce ta koma ta ƙara haƙuri ba. Tambaya ɗaya aka yi mata: za ki mayar masa da gonarsa? Ta ce e. Aka ce wa mijin ya karɓi gonar ya sake ta saki ɗaya. Ta fita ba ta ɓata masa suna ba, har ma yabonsa ta yi. Ga kuma Barira, wadda mijinta Mugisu ke bin ta a titunan Madina yana kuka hawaye na zuba a gemunsa. Annabi ya ce mata da ma ta koma masa. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, maganar ta ƙare a nan. Shekara dubu da ɗari huɗu kafin majalisar Birtaniya ta gano cewa ƙin zama kaɗai dalili ne, muna da hul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure.

Amma je ka ga yadda muke yin sa. Na taɓa raka wata ƙanwata, 'yar kawuna, kotun shari'a a garinmu. Shekara shida da aure, 'ya'ya biyu. Mijin ba ya dukanta, ba ya barinta da yunwa. Zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gaba, sai a yi mako bai ce mata uffan ba in ba a gaban baƙi ba. Ta yi yaji sau uku, sau uku ana biko, kawu na cewa ta yi haƙuri, aure ibada ne. Muna zaune a benci kafin a kira mu, wata tsohuwa da ta zo tata shari'ar ta matso ta ce mata, "'Yar nan, in kin shiga ki ce yana dukanki. In ba haka ba sai kin gaji da zuwa." Ƙanwata ta juyo ta dube ni ta ce, "Yaya, ni ba zan yi wa uban 'ya'yana ƙarya ba."

Da aka shiga alƙali ya tambaye ta, "Malama, yana ciyar da ke?" Ta ce, "Yana yi, Allah ya gafarta Malam." "Yana dukanki?" "A'a." "To me ya yi miki?" Ta sunkuyar da kai ta ce ita dai ba za ta iya zama da shi ba, tana tsoron ta saɓa wa Allah a kansa. Mijin ya ce shi yana son matarsa, amma in ta nace sai ta biya shi duk abin da ya kashe: sadaki, lefe, kuɗin gaisuwar iyaye, har da abin da zai ishe shi auro wata. Da ya gama lissafi kuɗin ya ninka sadakin fiye da sau goma. Aka ɗaga zama don a nemi sulhu, wanda daidai ne, Alƙur'ani ma ya ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Sai aka sake ɗagawa don bai zo ba. Aka sake ɗagawa. Wata bakwai muna sintiri, ita ba matar aure ba, ba bazawara ba, irin ratayar da Suratun Nisa'i ta hana. A ƙarshe alƙalin, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya a kan sadaki kaɗai.

Na san abin da littattafanmu suka ce. Risala, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta halatta mace ta fanshi kanta da sadakinta ko ƙasa da shi ko sama da shi. Amma a wurin dai ta ce idan cutarwa ce ta sa ta fansar, za a mayar mata da abin da ta bayar kuma sakin ya tabbata. Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ba ta damar a sake ta saboda cutarwa bayyananniya ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. Suratul Baƙara ta ce riƙo da alheri ko saki da kyautatawa, ta kuma hana a riƙe mata don a cuce su. Mun haddace kalmar "sama da shi", mun manta sauran. Hul'i ya zama kasuwa, inda mai kuɗin uba ke fita, 'yar talaka kuma ta zauna, ko ta koyi ƙaryar da tsohuwar nan ta koya wa ƙanwata. Wannan bai da bambanci da otal ɗin Brighton, sai dai a nan rantsuwa da Alƙur'ani ake haɗawa.

Wasu ƙasashen Musulmi sun zauna sun tsara abin. Masar ta yi doka a shekarar 2000 da ta ce idan mace ta mayar da sadaki, ta yafe haƙƙoƙinta na kuɗi, ta furta a gaban kotu cewa ta ƙi zaman, kotu za ta gwada sulhu na wa'adin da bai wuce wata uku ba, in ya ci tura ta raba ko miji bai so ba, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Ba a yarda a sa riƙon 'ya'ya ko ciyar da su cikin cinikin ba. Kotun ƙolin Pakistan ta yanke makamancin haka tun 1967. Maroko kuwa, 'yan'uwanmu a mazhabar Malikiyya, su suka fi burge ni, don dokar iyalinsu ta 2004 ta kama ɓangarorin biyu. Mace ko namiji na iya neman rabuwa saboda saɓanin da ya ƙi gyaruwa, kuma kotu ta gama cikin wata shida. Mijin da ke son saki kuma sai ya nemi izinin kotu, sai ya ajiye kuɗin da matar da 'ya'yan suka cancanta a asusun kotu cikin kwana 30, sannan a rubuta sakin. Bai ajiye ba, an ɗauka ya fasa.

Irin wannan nake so majalisun jihohinmu da malamanmu su duba, maimakon mu tsaya jayayya a kan ko Turawa sun lalace. A yanka wa'adin da shari'ar hul'i ba za ta wuce ba. A tsayar da fansa a kan sadakin da aka ambata a wajen ɗaurin aure. A daina tambayar mace ta kwance wa mijinta zane a kasuwa kafin a saurare ta. Sannan duk ƙarfin da ake ɓatawa wajen binciken wa ya fara, a juya shi ga mai saki: ina za ta yi idda, tunda Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da su daga gidajensu, mu kuwa a daren ake kora? Ina kyautar rabuwa da aya ta 241 a Baƙara ta ambata? Nawa zai riƙa bayarwa kowane wata, kuma wa zai bi shi in ya daina? Tun 2012 gwamnatin Kano ke aurar da zawarawa, a 2023 ma an ɗaura wa mutum 1,800 da matansu. Aikin alheri ne. Amma da ana tsare haƙƙin mace ranar da aka sake ta, da yawansu ba za su kai ga jiran gwamnati ta saya musu gado da katifa ba.

Ranar da ƙanwata ta karɓi takardarta, kawu ne ya sayar da tumaki biyu ya cika kuɗin sadakin. A duk wata bakwai ɗin nan an tambaye ta sau da yawa me mijin ya yi mata, amma ban ji an tambayi mijin ko sau ɗaya nawa zai riƙa ba 'ya'yansa ba, alhali a mazhabarmu riƙo na uwa ne, ciyarwa ta uba. Mu ma ba mu tayar da maganar ba, don a lokacin burinmu kawai ta samu ta fita. Ya kawo buhun masara sau ɗaya da ƙaramar salla, ya yi sabon aure kafin babba. Babbar 'yar tana aji huɗu yanzu, ƙaramin ya shiga aji ɗaya, kuma da keken ɗinki uwarsu ke biyan kuɗin makarantarsu.